Hanyoyin tsara manhajar SCADA

Hanyoyin tsara manhajar SCADA su ne dabarun da injiniyoyi ke bi wajen gina manhajar da ke sa ido a kan injuna da kayan aikin masana'antu, tana tattaro bayanansu, tana kuma isar musu da umarni daga ɗakin kulawa. Kalmar SCADA gajartawa ce ta wata jimlar Turanci da ke nufin kulawa daga sama da tattara bayanai. Ana amfani da irin wannan manhaja a layukan rarraba wutar lantarki, da bututun mai da iskar gas, da ma'aikatun ruwa, da matatun mai, da masana'antun siminti da na abinci, da layin dogo. A Najeriya, alal misali, Cibiyar Kulawa ta Ƙasa da ke Osogbo tana amfani da SCADA wajen bibiyar babban layin lantarki na ƙasar.

Manhajar SCADA ta sha bamban da manhajar ofis. Tana aiki dare da rana ba hutu, sau da yawa shekaru goma ko ashirin, kuma kuskurenta yakan jawo fashewar bututu, ko ɗaukewar wuta, ko asarar rai. Shi ya sa mai tsara ta yake fara amsa wasu tambayoyi kafin ya rubuta komai: a ina za a ajiye dokokin sarrafa injin, yaya za a sa wa bayanai suna, ta yaya za su iso ɗakin kulawa, yaya za a nuna su ga ma'aikaci, kuma me zai faru idan wani sashe ya lalace.

Matakan tsarin

A ƙasan tsarin akwai na'urorin awo da na aiki. Na'urorin awo suna auna zafi, da matsin ruwa ko gas, da tsayin ruwa a tanki, da ƙarfin lantarki. Na'urorin aiki kuwa su ne bawul, da injin tura ruwa, da makatsin lantarki. Yawancin na'urorin awo suna aika sakamakonsu ta waya a matsayin lantarki mai ƙarfin miliyamfiya 4 zuwa 20. A tanki mai tsayin mita 5, adadin 4 yana nufin babu ruwa, 20 yana nufin ya cika, 12 kuma yana nufin mita 2.5. An fara daga 4 ne domin idan aka ga sifiri a san waya ce ta tsinke.

A mataki na biyu akwai ƙananan kwamfutocin masana'antu iri biyu. PLC tana zama kusa da inji tana maimaita dokokin sarrafawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. RTU kuma an yi ta ne domin wurare masu nisa, inda ake sadarwa ta rediyo, ko layin wayar salula, ko tauraron ɗan'adam. A mataki na uku ne manhajar SCADA take zaune a kan babbar kwamfuta da ake kira saba, tare da allunan ma'aikata da rumbun ajiye tarihin bayanai. Sama da su akwai manhajojin tsara jadawalin aiki da na kasuwanci. Wannan rabe-rabe ya samo asali daga tsarin da aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka a farkon shekarun 1990, wanda ƙa'idar ISA-95 ta ɗauka daga baya.

Tarihi

Tsarukan farko na shekarun 1960 da 1970 sun dogara ne da babbar kwamfuta ɗaya wadda ke magana da tashoshi ta layukan waya. Kowane kamfani yana da tasa hanyar sadarwa, kuma kayan wani ba sa aiki da na wani. A 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi na'urar da za ta maye gurbin tarin rile da ake sake wa waya duk lokacin da aka canza ƙirar mota. Daga wannan buƙata aka sami Modicon 084, wadda Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera. A 1975 kamfanonin Honeywell da Yokogawa suka fitar da tsarin DCS, wanda ke raba aikin sarrafawa tsakanin na'urori da yawa a cikin masana'anta ɗaya.

Daga ƙarshen shekarun 1980 manhajar ta koma kan kwamfutocin tebur. InTouch ta kamfanin Wonderware tana cikin na farko da suka yi aiki a kan Windows, sai WinCC ta Siemens ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1990. Bayan haka ƙa'idojin intanet suka shigo masana'antu, har aka kai ga manhajoji irin su Ignition, wadda ta fito a 2010, da ake girkawa a saba ɗaya a buɗe ta daga kwamfutoci masu yawa. Masana kan kasa wannan tarihi zuwa zamani huɗu: na kwamfuta ɗaya, na rarrabawa, na haɗaɗɗiyar sadarwa, da na yanar gizo.

Inda ake ajiye dokokin sarrafawa

Babbar ƙa'idar da akasarin injiniyoyi suka yarda da ita ita ce SCADA ta ba da umarni da manufa, PLC kuma ta aiwatar. Misali, ma'aikaci yakan sa adadin da yake so ruwan tanki ya kai, amma PLC ce ke kunna injin ta kashe shi, ita ce kuma ke hana shi aiki idan rijiya ta ƙafe. Dalili shi ne sadarwa takan yanke. Idan dokar kashe injin tana cikin saba, yankewar rediyo na minti goma zai iya sa tanki ya yi ambaliya. Idan tana cikin PLC, tashar za ta ci gaba da aikinta har sadarwa ta dawo.

Akwai ayyukan da dole a yi su a sama, domin suna buƙatar ganin tsarin gaba ɗaya. Daga ciki akwai daidaita wutar da tashoshi ke samarwa da wadda ake sha, da gano yoyo a dogon bututu ta hanyar kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Na'urorin kariya da ke kashe masana'anta idan haɗari ya taso kuwa ana ware su daban, da nasu na'urorin awo da tasu kwamfutar, bisa ƙa'idojin IEC 61508 da IEC 61511, domin kada lalacewar tsarin yau da kullum ta tafi da kariyar.

Tsari bisa laƙabi da tsari bisa samfuri

Hanya mafi daɗewa ita ce ba kowane bayani ɗaya nasa laƙabi, wanda injiniyoyi ke kira tag. Laƙabi yana ɗauke da suna, da adireshin bayanin a cikin PLC, da ma'auninsa, da iyakokin gargaɗi. Kowane adadi da ya iso yana zuwa da lokacin da aka auna shi da alamar inganci, wadda ke nuna ko sabo ne, ko ya tsufa, ko ba abin dogaro ba ne. Wannan hanya tana da sauƙin koyo, kuma ta ishi ƙaramin aiki.

Matsalarta takan bayyana ne idan aiki ya girma. A ɗauka ma'aikatar ruwa tana da injin tura ruwa 40, kowanne da bayani 12, kamar ko yana aiki, da zafinsa, da wutar da yake sha, da awannin da ya yi. Wannan ya ba da laƙabi 480, kowanne an rubuta shi da hannu ko an kwafa. Idan aka ga buƙatar ƙara gargaɗi ɗaya, sai an taɓa wuri 40, kuma mantuwa a wuri ɗaya ba za ta fito fili ba sai ranar da injin ya sami matsala.

Tsari bisa samfuri ya zo ne domin magance haka. Ana gina samfurin injin tura ruwa sau ɗaya, da bayanansa, da gargaɗinsa, da zanensa a allo, sannan a fitar da injuna 40 daga gare shi. Gyara a samfuri yana sauka a kan dukkansu. Ana kuma jera kayan aiki bisa tsarin masana'antar: yanki, sai tasha, sai inji, sai bayani. ArchestrA ta Wonderware tana cikin sanannun misalan wannan hanya, kuma ƙa'idar IEC 61850 ta yi irin haka ga ƙananan tashoshin lantarki, inda kowane nau'in na'ura yake da sunaye da aka amince da su a duniya. Illar hanyar ita ce tana cin lokaci a farko, kuma kuskure a samfuri shi ma yana yaɗuwa ga kowa. Haka nan idan kayan aikin ba iri ɗaya ba ne, samfurin yakan cika da keɓantattun sharuɗɗa har ya yi wuyar karantawa.

Tsari bisa halin inji

A masana'antun da ke haɗa kaya kashi-kashi, kamar magani, da fenti, da lemo, ana tsara manhaja bisa halin da inji yake ciki: yana jira, yana aiki, an dakatar da shi, ya gama, ko an katse shi. Ana fayyace abin da zai iya kai shi daga wani hali zuwa wani, kuma ba a yarda da umarnin da bai dace da halin da yake ciki ba. Ƙa'idar ISA-88 ta 1995 ce ta kafa wannan hanya. Ta kuma raba bayanin haɗi, wato adadin kowane sinadari da matakan aiki, daga dokokin injin, ta yadda za a iya fito da sabon kaya ba tare da sake rubuta manhajar PLC ba. Ƙa'idar IEC 61131-3, wadda ta fara fitowa a 1993, ta tanadi harsunan rubuta wa PLC umarni, ciki har da zanen tsani da zanen matakai masu bin juna.

Yadda bayanai ke tafiya

Hanya ta farko ita ce zagayen tambaya. Saba tana tambayar tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta amsa, sannan ta koma farko. Modbus, wadda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, haka take aiki, kuma har yau ana amfani da ita saboda sauƙinta. Amfanin zagaye shi ne ana gane tashar da ta mutu nan da nan, tunda ba za ta amsa ba. Sai dai idan tashoshi 50 ne kuma kowace na ɗaukar rabin daƙiƙa, zagaye ɗaya zai ci daƙiƙa 25, kuma abin da ya faru ya wuce a tsakani ba za a gan shi ba. Saƙon Modbus ba ya ɗauke da lokacin awo, don haka saba ce ke sa lokacin da saƙon ya iso.

Hanya ta biyu ita ce aika rahoto idan an sami canji. Tasha tana rubuta kowane canji da lokacinsa, ta ajiye, ta aika idan an tambaya ko kuma da kanta. DNP3, wadda ta fito a 1993, da jerin IEC 60870-5 sun tanadi haka, shi ya sa kamfanonin lantarki da na ruwa suka rungume su. Idan makatsai da dama suka buɗe a cikin daƙiƙa ɗaya, lokacin da tasha ta rubuta ne zai nuna wanda ya fara. Mai tsarawa yakan sa iyakar canjin da ya cancanci rahoto. Idan iyakar ta yi ƙanƙanta layi zai cika da saƙonni marasa amfani, idan ta yi faɗi kuma canji mai muhimmanci zai ɓuya. Waɗannan ƙa'idoji suna da umarni mai mataki biyu: a zaɓi na'ura, tasha ta tabbatar, sannan a aiwatar.

Hanya ta uku ita ce wallafawa da rajista. Kowace na'ura tana aika bayaninta ga dillali ɗaya, duk manhajar da ke buƙata kuma ta yi rajista a wurinsa. MQTT, wadda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka ƙirƙiro a 1999 domin kula da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, ita ce fitacciya. A nan shiru ba ya nuna lafiya ko mutuwa, saboda haka na'ura takan bar wa dillali saƙon da zai sanar a madadinta idan ta ɓace. Domin haɗa kayan kamfanoni daban-daban kuma akwai OPC ta 1996, wadda ta dogara da Windows, da magajiyarta OPC UA, wadda ke aiki a kowace irin kwamfuta kuma ta zo da ɓoye saƙo da tantance mai aikawa.

Tsara allon ma'aikaci

Allunan shekarun 1990 sun cika da launuka masu haske, da zanen tankuna masu kama da na gaske, da injuna masu juyawa. Bincike kan haɗurra ya nuna cewa irin wannan ado yana hana ma'aikaci ganin abin da ya kauce. Hanyar da ƙa'idar ISA-101 ta 2015 ta ƙarfafa ita ce a yi allo da launin toka, a keɓe ja da rawaya ga gargaɗi kawai, a haɗa launi da siffa ko lamba saboda masu matsalar bambance launi. Ana nuna adadi tare da iyakokinsa da jadawalin inda ya dosa, domin lamba ita kaɗai ba ta faɗa ko ana cikin lafiya. Ana kuma jera alluna hawa-hawa, daga wanda ke nuna masana'anta gaba ɗaya zuwa na inji guda.

Wata doka ita ce allo ya nuna abin da na'ura ta yi, ba umarnin da aka aika mata kaɗai ba. A haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, wani bawul ya maƙale a buɗe, amma fitilar da ke gaban ma'aikata tana nuna cewa an ba shi umarnin rufewa ne kawai. Sun ɗauka ya rufe, ruwan sanyaya ya yi ta fita fiye da awa biyu.

Tsara gargaɗi

A zamanin allon fitilu, kowane gargaɗi yana buƙatar waya da fitila, don haka ba a sa shi sai da dalili. A manhaja kuwa ƙara gargaɗi ba ya cin ko kwabo, sai suka yi yawa. A fashewar matatar mai ta Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya, ranar 24 ga Yuli 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci gargaɗi 275 a cikin minti 11 na ƙarshe, kuma mutum 26 suka ji rauni. Wannan yana cikin dalilan fitowar jagorar EEMUA 191 a 1999, sai ƙa'idar ISA-18.2 ta biyo a 2009.

Bisa waɗannan, gargaɗi shi ne abin da ke buƙatar ma'aikaci ya ɗauki mataki. Abin da ba ya buƙatar haka a rubuta shi a tarihi kawai. Mizanin da aka saba ambata shi ne kimanin gargaɗi ɗaya a minti goma a lokacin aiki na yau da kullum, kuma kada ya wuce goma a minti goman farko bayan babbar matsala. Ana so masu matuƙar gaggawa su zama kimanin kashi 5 cikin ɗari. Ana kuma toshe gargaɗin da ke bin wani a baya: idan an kashe inji da gangan, ba a buƙatar gargaɗin cewa matsin ruwansa ya faɗi.

Jure lalacewa

Manyan tsaruka suna da saba biyu, ɗaya na aiki ɗaya na zaman ko-ta-kwana, da layukan sadarwa biyu, wani lokaci har da ɗakin kulawa na biyu a wani gari. Amma saba ta biyu tana kare tsari ne daga lalacewar na'ura, ba ta kare shi daga kuskuren manhaja, tunda abu ɗaya ke gudana a cikinsu. Ranar 14 ga Agusta 2003, wani kuskure a manhajar XA/21 ya tsayar da sashen gargaɗi a ɗakin kulawar kamfanin FirstEnergy da ke jihar Ohio. Saba ta farko ta faɗi, ta biyu ta karɓi aikin da matsalarsa, ita ma ta faɗi. Ma'aikata sun yi fiye da awa ɗaya ba su san gargaɗi ya daina zuwa ba, yayin da layukan lantarki ke taɓa bishiyoyi suna katsewa. Wuta ta ɗauke wa kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada. Darasin da aka ɗauka shi ne tsari ya riƙa sa ido a kan kansa, ya kuma sanar idan bayanan da ke allo sun tsufa.

Wani darasin ya shafi gyara. A fashewar bututun mai a Bellingham ta jihar Washington, ranar 10 ga Yuni 1999, inda mutum uku suka mutu, kwamfutocin SCADA sun daina amsawa a daidai lokacin da ake buƙatarsu, bayan an yi aiki a kan rumbun bayanai na tsarin da ke gudana. Shi ya sa ake ware kwamfutar gwaji, a jarraba kowane canji a can kafin a ɗora shi.

Tsaro

An tsara tsofaffin ƙa'idojin sadarwa ne bisa zaton ba baƙon da zai kai ga layin, don haka Modbus ba ta tambayar wanda ya aiko umarni. A shekarar 2000, a yankin Maroochy na Ostireliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya girka tsarin ya yi amfani da rediyo ya saki ruwan ƙazanta cikin koguna da wuraren shaƙatawa. Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta shiga ta na'urar USB ta sauya umarnin PLC na Siemens a cibiyar tace yuraniyam ta Natanz a Iran. Ranar 23 ga Disamba 2015 kuma, maharan intanet sun karɓe allunan ma'aikata a kamfanonin rarraba lantarki uku na Yukren, suka buɗe makatsai, wuta ta ɗauke wa masu amfani kimanin 225,000. An dawo da ita cikin awanni domin ma'aikata sun je tashoshin sun rufe makatsan da hannu.

Jerin ƙa'idojin IEC 62443 ya tanadi raba tsari zuwa yankuna, da taƙaita hanyoyin da ke tsakaninsu, da sa katangar tsaro tsakanin kwamfutocin ofis da na masana'anta. Ana ba kowane ma'aikaci izini daidai aikinsa, ana rubuta wanda ya ba da kowane umarni, ana kuma barin hanyar sarrafawa da hannu. Kai bayanai zuwa gajimare ya sauƙaƙa nazari da duba tsari daga nesa, amma kamfanoni da yawa suna barin bayanai su fita kawai, umarni kuma ya tsaya a ɗakin kulawa.

Abubuwan da ke tantance zaɓi

Zaɓin hanya ya dogara da girman aiki, da nisan tashoshi, da ingancin sadarwa, da irin haɗarin da ke tattare da shi. Ƙaramar masana'anta mai PLC biyu ko uku takan wadatu da laƙabi da zagayen tambaya. Kamfanin ruwa ko na bututu mai tashoshi warwatse yana buƙatar RTU da ke ajiye bayanai da lokacinsu, musamman inda wuta da layin sadarwa ke yawan yankewa. Babbar masana'anta mai ɗaruruwan injuna iri ɗaya ta fi cin ribar samfuri. Ana kuma duba kuɗin lasisi, domin wasu kamfanoni suna caji bisa yawan laƙabi, wasu bisa yawan saba, da kuma ko akwai injiniyoyi a kusa da za su iya gyara tsarin bayan waɗanda suka girka shi sun tafi.